Ƙarfen Bayan Bariki

Haɗeja, 4 ga watan Sha'aban, 1367

Zuwa ga Baffana Fannami, maƙerin jirgin ƙasa a Zariya.

Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gida. Mu nan lafiya lau, in ban da ciwon ƙafar nan da sanyin ruwa ya saka mini, wanda ya hana ni shiga kogi bana ko sau ɗaya. Ruwa ya sauka, an yi shuka, fadama ta fara cika.

Bayan haka, Baffa, na buɗe maƙerar Baba. Shekara goma sha tara tana rufe, tun rasuwarsa da tafiyarka, awaki ke kwana a ciki. Na share, na tono uwar maƙera daga cikin ƙasa, na kai zugazugi wurin baduku ya sake masa fata. Na san ban koyi komai a hannun Baba ba, ina ɗan shekara shida ya bar ni. Amma sana'ar kamun kifi ta ƙi ni, kuma na gaji da jin tsofaffi suna cewa tun da mai gidan nan ya rasu ba a ƙara yin wuƙar kirki a garin nan ba. So nake a sake ɗaga wuƙa a kasuwa a ce ta gidanmu ce.

Na ƙera guda uku da ƙarfen da ake ɗaure ganga da shi. A ido kam sai ka rantse da Allah wuƙaƙe ne. Na kai wa surukina rumfarsa ta fawa. Ya ɗauki ɗaya ya sa wa haƙarƙarin akuya, sai bakin ya nannaɗe kamar ganyen albasa. Ya miƙe ta da yatsa biyu a gaban mahauta, ya ce in kai wa 'yarsa ta riƙa yanka kuɓewa. Suka yi ta dariya, har da mai riƙe ciki. Ranar ban iya cin tuwo ba.

To, iyali tana da ciki, na uku ke nan, ana sa ran saukarta bayan Ƙaramar Salla. Cikin zafin dariyar nan na rantse a gabansu cewa da wuƙar da na ƙera za a yanka ragon suna, da ita za a feɗe shi. Surukina ya ce in ta yi, shi da bakinsa zai tura mini duk mahautan kasuwa. Don Allah ka gaya mini irin ƙarfen da zan nema, wanda ɗan koyo zai iya da shi.

Ɗanka,
Shu'ibu

Zariya, 28 ga Yuni, 1948

Zuwa ga ɗana Shu'ibu.

Takardarka ta iso, na ji lafiyarku, na gode Allah. Ni ma ƙalau, sai kunnen hagu da ƙarar guduma ta gama da shi. Ka gai da iyalinka Zaituna, Allah Ya raba lafiya.

Tir! Ƙarfen ganga? A kan uwar maƙerar yayana Sa'idu ka ɗora ƙarfen ganga? Da na zo wurin nan sai da na ajiye takardar na tofar da yawu. Surukinka Tukur ya yi maka da sauƙi, da ni ne bayan katanga zan wurga ta, in bi ka da masaba. Wannan ba ƙarfen kaifi ba ne. Ko shekara za ka yi kana ba shi wuta da ruwa ba zai yi tauri ba, na cokali ne da ƙyauren akurki.

Ka buɗe kunnenka. Za a ce maka ƙusar hanyar jirgi. Kada ka taɓa ta, ba ta riƙe kaifi yadda ake zuzutawa, kuma in aka gan ka da ita a gidan yari za ka ci sunan. Za a ce maka tsohon magagari. Shi kam yana kaifi kamar aska, amma mai fushi ne, ba na ɗan koyo ba. Ka kuskure masa kaɗan wajen tsomawa sai ya tsage, ko ya karye a wuyan rago a gaban jama'a ka ja wa mutane mushe. Abin da za ka nema shi ne sifirin mota, fallayen ƙarfen nan da ake jerawa a ƙarƙashinta. Yana da haƙuri, yana yafe wa mai koyo.

In ka samu, ka fara gwada shi. Ka datse ɗan guntu, ka sa a wuta har ya yi ja, ka tsoma a ruwa, ka ɗora a uwar maƙera ka buga. In ya lanƙwashe, ka yar. In ya karye ƙas kamar tsohon kasko, ka goga masa magagari ya zame bai ci ba, to shi ne. Wuƙar kanta kuwa a man gyaɗa za ka tsoma ta, ba ruwa ba. Sannan ka goge ta fes, ka gasa gadon bayanta a kan garwashi a hankali, kana kallo, har bakin ya yi launin busasshen kara, sai ka ɗauke. In ka wuce nan ka ɓata aiki.

Kuma na san halin mutanenmu, kada ka tsaya tambayar na wane ne, daga ina ya fito. Ba aure za ka nema a gidan ƙarfe ba balle ka binciki asali. Mu nan tarkace ake zube mana tuli guda, magagari kaɗai muke tambaya. Duk abin da ke jikinsa wuta za ta cinye.

Baffanka,
Fannami

Haɗeja, 9 ga watan Ƙaramar Salla

Zuwa ga Baffa.

Barka da shan ruwa, barka da salla, Allah Ya maimaita mana. Muna lafiya. Kogi ya cika ya batse, shinkafar wasu ta nutse, amma tamu ta tsira. Iyali ta yi nauyi, yau ko gobe.

Baffa, na samu! Duk watan Azumi na yi shi ina yawo da ƙafar nan. Ka san motocin Haɗeja ba su cika yatsun hannu ba, kuma direba ko sifirinsa ya karye ba ya yarwa, ɗaure shi yake da waya. Har na fid da rai, sai na bi ta bayan bariki, wajen babban ramin nan da ba a bi ta gefensa. Nan na ga amalanken da fursunoni ke turawa da sassafe, wanda aka haɗa da ƙafafun tsohuwar mota. Gindinsa ya ruɓe an yar da shi a bakin ramin. Na leƙa ƙasa, falle shida reras.

Sai dai wari, Baffa. Ban taɓa jin irinsa ba. Na naɗe hanci da rawani, na kwance su, na ja su da igiya har bakin kogi, na yini ina dirza da yashi da toka. Sau biyu na yi amai. Amma na tuna maganarka, na ce wuta za ta cinye.

Na yi gwajin. Ƙas ya karye, magagari ya zame a kansa. Na ƙera ta daga falle ɗaya, na tsoma a man gyaɗa, na gasa har launin kara, na sa mata ƙota ta itacen ƙirya. Na aske gashin hannuna da ita, na sari ƙashin sa, na duba bakin a rana, ko gezau. Na zauna a maƙera ni kaɗai ina dariya kamar taɓaɓɓe. Ban gaya wa kowa inda na samo ba, ba wanda ya tambaya.

Ka yi mana addu'a.

Shu'ibu

Zariya, 23 ga Agusta, 1948

Shu'ibu, gaisuwa a taƙaice, ina lafiya, da gaggawa nake rubutu.

A'uzu billahi! Amalanken bokiti? Ka ɗauka ban san shi ba? Abin da ake jera bokitan bahayar Turawa a kai, ana turawa yana tangaɗi yana zuba, shekara da shekaru yana tsiyaya a kan sifirin nan, shi ka kwaso ka shigar gidan ubanka? Ina cin abinci aka miƙo mini takardarka. Na ture kwanon, har yanzu ban koma kansa ba.

Da na ce kada ka binciki asali, motar gyaɗa nake nufi, ko ta fatake, ba masai mai ƙafa ba. Kai ba ka da hanci ne, ko ba ka da kai? Ƙarfen na da kyau, ban musa ba. Amma wuƙar yanka ba fartanya ba ce, abin da ta taɓa baki yake zuwa.

Kada wuƙar nan ta taɓa ragon nan. Ka ari wata, ka yi kaffarar rantsuwarka, ka bar Tukur ya yi dariyarsa ta kwana biyu. Dariya tana wucewa. Sauran fallayen ka binne su tun ido bai gani ba. Ka amsa mini da jirgin farko.

Fannami

Haɗeja, 14 ga watan Zulƙida

Zuwa ga Baffa.

Ina gaisuwa. An sauka lafiya, namiji, an mayar masa da sunan Baba. Shi da uwarsa suna lafiya. Takardarka kuwa jiya ta zo hannuna, kwana tara bayan suna. Ruwa ya yanke hanyar Malam Madori, jakar wasiƙu ta yi ta zama a tasha. Na karanta ta sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba.

Ranar suna Liman ya karɓi wuƙar ya ja sau ɗaya, rago ko shurawar kirki bai yi ba. Ya juya ta ya ce, "Wa ya yi wannan?" Surukina ya karɓa ya hau fiɗa, fata tana sauka kamar ana tuɓe riga. Da ya gama ya ɗaga ta sama a gaban mutane ya ce, "Jama'a ku shaida, wuƙa ta dawo gidan nan." Baffa, na shiga maƙera na yi kuka.

Washegari mata suka soya nama aka zuba a kwanuka aka raba gida-gida. Sai Iya 'Yar'azumi ungozoma ta zo karɓar rabonta, kai da ƙafafu. Za ta fita ta zaure sai ta hangi sauran fallaye biyar jingine a maƙera. Ashe bayan bariki take zuwa neman magani, ta san amalanken, kuma ta hange ni ranar da nake jan abu da igiya. Ta tsaya ta ce, "Shu'ibu, tsakaninka da Allah, da wannan ka yi wuƙar?" Na kasa yi mata ƙarya. Ta saki kan ragon a ƙasa, ta goge hannu a bango, ta fita tana salati tana tofar da yawu har ƙarshen layi.

Kafin azahar kwanuka sun fara dawowa. A ƙofar zaure ake direwa, ba sallama. Waɗanda ba su kai ga ci ba suka dawo da shi a rufe. Waɗanda suka ci kuwa, wani maƙwabcinmu a ƙofar gidana ya zo ya sa yatsa a maƙogwaro don in gani. Ƙudaje suka taru, kare ma ya samu.

Na ruga wurin Liman. Ya ce nama halal ne, ƙarfen da aka wanke ya shiga wuta ya tsarkaka, ba shakka a ciki. Na ce to Allah gafarta Malam ga kwano, ko tsoka ɗaya ya ci a gaban mutane. Ya dubi kwanon ya ce yau yana azumin nafila.

Surukina ya zo da la'asar, leɓensa fari da tokar da ya dirje shi da ita. Ka san yadda mahauta ke yi, in hannu biyu na jan fata sai su cije wuƙa a baki. Ya ce, "Sau nawa na sa ta a haƙorina, kana tsaye kana kallo?" Ya ce kada in ƙara taka rumfarsa. Na buɗe baki in ce ai kai ma ka yaba, sai na tuna uban matata ne.

Iyalina kaɗai ta ci. Ta sa aka shigar mata da kwanukan ɗaki, ta zauna a gaban matan da suka zo barka tana ci. Daga baya na ji ta bayan ɗaki tana kakari, ta wanke baki ta dawo ta ci gaba. Na ce ta bari, ta ce naman sunan ɗanta ne. Yanzu unguwa gidan bokiti ake ce mana, jaririn kuma Ɗan Bokiti. Sunan Baba ko sati bai yi a kansa ba.

Ban zarge ka ba, Baffa. Hancina ya gaya mini gaskiya tun a bakin ramin, ni ne na toshe shi da rawani.

Shu'ibu

Zariya, 30 ga Satumba, 1948

Ɗana Shu'ibu.

Barka da arziki, Allah Ya raya mana Sa'idu ƙarami, Ya ba uwarsa lafiyar shayarwa. Ka ce wa Zaituna Baffa ya gaishe ta gaisuwa ta musamman. A duk garin nan ita ce namiji.

Ka ce ba ka zarge ni ba. Ni na zargi kaina. Shekara goma sha tara ina dukan tarkacen da ba mai cin abinci da shi, har na manta yayana ba ya ɗora ƙarfe a wuta sai ya san hannun da ya fito. Na koya maka tambayar magagari, na hana ka tambayar mutane. Abin da ka yi har yanzu yana tayar mini da zuciya, ba zan ɓoye maka ba, amma da bakina ka yi shi.

Su kuma fa? Tukur da ke yini hannunsa cikin tumbi yana matse kashin saniya har gwiwar hannu, ya ɗan ɗauraye ya ci goro, shi ne yau mai ƙyama? Da masu dire kwano a ƙofar mai jego ba sallama? Kai, tir da wannan hali. Ban san wanda ya fi ba ni ƙyanƙyami ba, amalanken ko su.

Ga abin da za ka yi. Na ba wani mai gadin jirgi falle biyu na sifirin motar gyaɗa, a gabana aka kwance su, zai ajiye maka a tashar Malam Madori. Ka je da dattawa biyu su gani da idonsu. Tsohuwar wuƙar da sauran fallayen kuwa ka tara mutane da rana, ka shiga kwalekwale ka jefa su inda kogi ya fi zurfi. Sannan ka fara daga farko. Hannunka ya iya, wannan ba mai ƙwace maka.

Baffanka,
Fannami

Haɗeja, 21 ga watan Babbar Salla

Zuwa ga Baffa.

Barka da salla. Muna lafiya, yaro yana girma. Ruwa ya ja baya, an fara yankan shinkafa.

Saƙonka ya iso, na gode. Na je da dattawa biyu kamar yadda ka ce. Na jefa fallaye biyar a kogi mutane suna kallo. Wuƙar ce na kasa. Na ɗauko ta har bakin ruwa, na mayar da ita aljihu, na ce musu tana cikin ƙunshin. Na ƙera sababbi biyu da ƙarfenka, sun yi kyau. Na zaga kasuwa da su, dattawan suna biye da ni suna shaida. Ba wanda ya miƙa hannu. Wani da na matsa masa sai ya naɗe hannunsa da gefen riga ya ture ta.

Ana saura kwana uku Layya, rana tsaka lokacin da layi ba kowa, sai ga surukina ya shigo ta ƙofar baya. Ya zauna a kan turmi a maƙera, ya tambayi lafiyar yaro, ya yi ta kame-kame. Can ya ce tun ranar sunan nan duk wuƙar da ya riƙe kamar itace yake jin ta, ga raguna suna jiransa. Na miƙa masa sababbin, na ce waɗannan masu tsarki ne, da shaidu. Ya gwada su a gashin hannu, ya ajiye gefensa. Sai ya ce, "Ita waccan fa? Na san maƙeri ba ya jefa ta farko a ruwa."

Na ɗauko. Ya auna ta a tafin hannu ya ce ta fi zama. Ya ce in cire ƙotar ƙirya in sa mata ta ƙaho, zai ce wurin wani bafatake ya saya, ƙirar Kano ce. Ya ce duk wadda na ƙera nan gaba in ba shi ta ƙofar baya, shi zai shigar wa mahauta da wannan suna. Mutumin da ya zo gidana da toka a leɓe! Amma ƙafata ba ta shiga ruwa, kuma baki huɗu ke jirana. Na sa mata ƙahon.

Da ita ya feɗe ragunan rabin unguwa ranar salla, har da na Liman. Na gan shi da idona ya cije ta a baki. Gidajen da suka dire mini kwano suka aiko mana da naman layya, na karɓa na yi godiya. Yanzu kullum wuta na ci a maƙera, mahauta bakwai sun ce a kawo musu irin ta Kanon nan. Aiki ya samu, ba sai ka ƙara damuwa da mu ba.

Ran kasuwar da ta wuce na bi ta gaban rumfarsa, daga nesa, tunda an hana ni takawa. Wani tsoho da ya san Baba ya ɗauki wuƙar yana juyawa, mutane sun kewaye shi. Ya gwada bakin a farcensa, ya girgiza kai ya ce, "Rabona da ganin irin wannan tun zamanin Sa'idu maƙeri. Bawan Allah, ya tafi bai bar baya ba. Allah Ya jiƙansa." Surukina ya ɗago, muka haɗa ido, ya sunkuya ya ci gaba da yankan nama. Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin.

Wassalam.

Ɗanka,
Shu'ibu